Tambaya Da Amsa: In An Rufe Kwal, Wa Zai Ɗauki Cefanen Gidan Mahaƙi?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni uku na ware wannan makon kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato batun daina ƙona kwal. Kafin mu shiga bari in share wani ruɗani da nake yawan gani, kwal daban gawayi daban. Gawayi itace ne aka ƙona, shi kuwa kwal baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, shi jiragen ƙasa na da suke ci, kuma har gobe shi ne yake ba duniya kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkinta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya. Abin da ya tsaya min a rai shine, Turawa da kwal suka gina masana'antunsu suka yi arziki, yanzu da suka ƙoshi sai suka dawo suna cewa kowa ya bari saboda sauyin yanayi. Naji ance a Afirka ta Kudu har an rufe wata tashar wuta mutane sun rasa aiki. Dan Allah ina adalci a nan?

AMSA: Ƙanena Allah ya ba da sa'ar karatu. Rabin maganarka gaskiya ce tsagwaronta kuma ba zan rage mata komai ba. Ingila ta kunna tashar lantarki ta kwal ta farko a Landan a 1882, bata kashe ta ƙarshe ba sai ranar 30 ga Satumba 2024, waccan ta Ratcliffe, kaga shekara 142 kenan tana ƙonawa. Ita kuwa Afirka gaba ɗayanta, mutum sama da biliyan ɗaya, hayaƙin kabon da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, kuma har yanzu mutum kusan miliyan 600 a nahiyar basu da wutar ma kwata-kwata. To duk wanda zai zo mana da wa'azin yanayi ya kamata ya fara da wannan lissafin.

Tashar da ka ji labari sunanta Komati, tana lardin Mpumalanga, kuma ina so in ɗan daɗe a kanta don a ganina duk darasin yana nan. Afirka ta Kudu kusan kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal take samu, kamfanin gwamnati Eskom ne yake riƙe da tashoshin kuma yawancinsu a wannan lardin ɗaya suke. Haƙar kwal kaɗai tana ɗauke da ma'aikata wajen 90,000, a ƙasar da rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100, kuma ka san yadda abin yake, albashi ɗaya ba baki ɗaya yake ciyarwa ba. A taron yanayi na Glasgow a Nuwamba 2021 sai Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Tarayyar Turai suka ce zasu haɗa dala biliyan 8.5 su taimaka mata ta bar kwal cikin adalci. Aka yi ta tafi. Komati, wadda ta fara aiki tun 1961 kuma a ƙarfinta tana ba da megawat 1,000, ita aka zaɓa ta zama zakaran gwajin dafi. Aka kashe injinta na ƙarshe a ƙarshen Oktoba 2022, Bankin Duniya ya amince da kuɗi dala miliyan 497, mafi yawa bashi, don a mayar da wurin tashar sola da ta iska da manyan batura, a kuma koya wa mutane sababbin sana'o'i.

A takarda abin gwanin kyau. Inda gizo ya yi saƙa shine an rufe tsohon kafin a gina sabon. Ma'aikatan dindindin na Eskom su da sauƙi, an san yadda aka yi da su, wasu an mayar da su wasu tashoshin. Amma ɗan kwantiragi fa, da direban tirelar da ke jigilar kwal, da matar da ke sayar da abinci a bakin get, da mai gidan hayar da ma'aikata ke kama ɗaki a wajensa, waɗannan babu sunansu a rajistar kowa, sun wayi gari kawai ciniki ya ɗauke. Kwamitin sauyin yanayi na fadar shugaban ƙasar ma da kansa, da ya je ya duba a 2023, ya amsa cewa an makara wajen tuntuɓar mutanen gari kuma ayyukan da zasu maye gurbin sun zo a baya. An zubar da ruwan tulu ne don an ga hadari. Duk wanda ya san yadda Kakuri ta koma bayan masaƙun Kaduna sun tsaya baya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Sannan ga batun kuɗin kansa, wanda ni shi yafi ci min rai. A cikin wancan biliyan 8.5 ɗin na farko abin da yake kyauta wajen kashi 4 cikin 100 ne kacal, sauran rance ne da lamuni, alhali ita ƙasar da ta zauna ta yi nata lissafin ta ce tana buƙatar kusan dala biliyan 98 cikin shekara biyar. Bashi yana iya gina tashar sola don tashar zata sayar da wuta ta biya, amma bashi baya biyan fanshon mahaƙi ɗan shekara 52 da huhunsa ya riga ya gaji, baya gina makarantar koyon sana'a a garin da babu riba, waɗannan sai kyauta, kuma nan ne hannun masu bayarwa ya fi ƙanƙancewa. A Maris 2025 ma Amurka ta janye daga yarjejeniyar baki ɗaya. Ka ƙara da wannan, a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya sa gas ya yi wuya, Jamus ta dawo da wasu tashoshinta na kwal bakin aiki, kuma kwal ɗin da Turai ke saya daga tashar jiragen ruwa ta Richards Bay a Afirka ta Kudun ya ninka sau da yawa a shekarar. Mutumin Mpumalanga yana kallo ana loda kwal ɗinsa zuwa Turai a daidai lokacin da ake kashe masa tasha, a 2023 kuma kusan kullum sai an ɗauke masa wuta. To da wane baki zaka ce masa kar ya yi zargi? Shi ya sa ministan ma'adinai Gwede Mantashe, wanda shi kansa tsohon ma'aikacin ma'adinai ne kuma tsohon sakataren ƙungiyar ƙwadagonsu, yake da masu saurarensa duk lokacin da ya tsaya wa kwal. Daga baya ma sai da aka ɗage rufe tashoshin Camden da Grootvlei da Hendrina zuwa 2030.

Yanzu dubi yadda su suka yi wa nasu mutanen. A ƙarshen shekarun 1950 Jamus ta Yamma tana da mahaƙan kwal wajen 600,000, bata rufe ramin ƙarshe na baƙin kwal ba sai Disamba 2018 a garin Bottrop, shekara sittin ana janyewa a hankali, ana yi wa manya ritaya da wuri da kuɗinsu, ana koya wa matasa wani aikin, har jami'a aka buɗe a Bochum a 1965 a tsakiyar yankin mahaƙan don 'ya'yansu su samu wata hanyar. Da suka zo rufe sauran tashoshin kuma sai da aka zaunar da 'yan ƙwadago da kamfanoni da masu kare muhalli da jihohin da abin ya shafa a kwamiti ɗaya, aka tsayar da 2038, aka ware yuro biliyan 40 don yankunan, kamfanoni biyu kaɗai aka yi musu alkawarin diyyar yuro biliyan 4.35. Ingila kuwa ta bi ɗaya hanyar. Bayan yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985 zamanin Margaret Thatcher aka bi ramuka ana rufewa da sauri, ba don yanayi ba ma, don siyasa da kuɗi, kuma garuruwan nan na arewacin Ingila da kudancin Wales har yau suna cikin mafi talauci a ƙasar. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

Inda zan rabu da kai shine in kana nufin tunda sun yi rashin adalci to mu ma a bar kowa ya ci gaba da ƙonawa. A'a ƙanena. Barin kwal dole ne, abin da nake faɗa a kai shine jerin aikin da kuma aljihun da zai biya, a fara gina abin da mutane zasu koma kafin a kashe wanda suke ci da shi, kuma wanda ya daɗe yana ƙonawa ya fi kowa zuba kuɗi, kuɗin kuma ya zama kyauta a inda bashi ba zai yi ba. Dalilin da ya sa nace dole ne kuwa, karanta tambayar da ke biye.

TAMBAYA: Malam ni malamar firamare ce daga yankin Haɗeja. Kusan duk damina sai ruwa ya ci mana gonaki, a 2022 makarantarmu ma 'yan gudun ambaliya ne suka zauna a ciki. Idan hayaƙin nan ne yake ƙara dagula yanayi, me ya sa ake ta lallashin masu kwal? Mu namu adalcin fa?

AMSA: Malama Allah ya mayar muku da alheri, ya kiyaye gaba. Wallahi tambayarki ita ce wadda masu kare kwal basa son ji. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, a Satumba 2024 kuma kowa ya ga abin da ya samu Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle. Ba zan ce miki duk laifin yanayi bane, akwai sakacin gyaran madatsu da toshewar hanyoyin ruwa da gini a kan magudana, amma iska in ta ƙara zafi tana ɗaukar ruwa fiye da da, in ta tashi saki kuma sai ta sake shi lokaci ɗaya, kuma a duk makamashin da ake ƙonawa babu wanda ya kai kwal fitar da kabon, kusan ninki biyu na gas in ana maganar lantarki.

A yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun amince kar ɗumamar duniya ta kai maki 2 a ma'aunin Salshiyos sama da yadda take kafin zamanin masana'antu, a yi ƙoƙari ma a tsaya a 1.5. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce in ana son 1.5 ɗin sai an rage hayaƙi da kashi 43 cikin 100 nan da 2030 idan aka kwatanta da 2019. Ba mu kama hanyar ba ma. Shekarar 2024 ita kaɗai ta riga ta haura 1.5 ɗin, kuma kwal ɗin da duniya ta ƙona a shekarar ya fi na kowace shekara kafinta, Sin kaɗai tana ƙona fiye da rabi. A Glasgow ɗin nan ma a minti na ƙarshe Indiya da Sin suka sa aka canza kalma, daga a daina kwal ta koma a rage kwal, har shugaban taron Alok Sharma muryarsa ta karye yana ba da haƙuri.

Kuma kada ki ɗauka mutanen garuruwan kwal duk kwal suke so. Su ne suke shaƙarsa. A Maris 2022 babbar kotu a Pretoria ta yanke hukunci cewa gurɓatacciyar iskar yankin Highveld, inda tashoshin nan suke jibge, ta take haƙƙin da tsarin mulki ya ba mutane, kuma mutanen yankin ne da kansu tare da masu kare muhalli suka kai ƙarar, iyayen yara masu asma. Gida ɗaya zaki samu uba yana tsoron a rufe tasha, uwa tana kwana a asibiti da yaro saboda hayaƙin tashar.

To me ya sa duk da haka nake cewa a lallashi mahaƙi? Saboda in ba a yi ba aikin ne yake tsayawa. Abin da aka yi a Komati bai sa an yi saurin rufe sauran ba, sai ma ya ba masu son jinkiri hujja a hannu, kowane gari ya ce mun ga abin da ya samu maƙwabta, ba da mu ba. Mahaƙi yana da ƙuri'a yana da ƙungiya, in ya ga za a jefar da shi zai zaɓi wanda ya yi masa alkawarin kwal har abada, ke kuma ruwa ya ci gaba da cin gonarki. Sifaniya ta gane wannan, a 2018 gwamnati ta zauna da 'yan ƙwadago aka sa hannu kan yuro miliyan 250 na ritaya da koyon sana'a da gyaran wuraren da aka haƙa, aka rufe yawancin ramukan ba tare da ƙasa ta kama da wuta ba. Ni a wajena ke da mahaƙin nan ba abokan gaba bane, ku biyun kuna bin mutum ɗaya bashi. Dala biliyan 100 duk shekara da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari a Kofanhegan a 2009 cewa zata fara daga 2020, sai a 2022 aka ce ta cika, kuma mafi yawanta ma rance ce. A taron yanayi na Baku a 2024 aka ɗaga zuwa biliyan 300 nan da 2035, ƙasashe masu tasowa suka fito suna cewa bai kai ko kusa da buƙata ba. Nan ya kamata fushinki ya sauka Malama, ba kan mai tonon rami ba.

TAMBAYA: Salam Malam, daga Agadas nake rubutowa. Yayana yana aiki a wajen kwal na Cirozerin. Wannan maganar ta rufe kwal zata iso mana ne? Kuma mu da ko wutar bata ishe mu ba, laifi ne in Nijar ta ƙara gina tashar kwal?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida yaya. Ka kwantar da hankalinka ta ɓangare ɗaya, tashar wutar kwal ta kamfanin SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin, wadda take aiki tun farkon shekarun 1980 bata kai megawat 40 ba, ita ke ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da garuruwan yankinku wuta, a ma'aunin duniya hayaƙinta ko a ido ba zai shiga ba, tashar kwal ta Medupi a Afirka ta Kudu ita kaɗai ta ninka ta fiye da sau ɗari. Babu mai hankalin da zai ce ceton duniya yana kan rufe ta.

Batun laifi kuwa, ni ba zan ɗora wa Nijar laifi ba. Ƙasar da wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya yake zuwa a lokacin, aka wayi gari a Agusta 2023 aka yanke saboda takunkumi, dole ta nemi nata na kanta, kuma shi ya sa maganar kwal ɗin Salkadamna a jihar Tawa take ta dawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar da nake yi ba ta halal da haram bace, ta lissafi ce. Tashar kwal ana gina ta ne don ta yi shekara arba'in, masu ba da bashin kuma sun ja baya, Bankin Raya Afirka ya ce ya fita daga kwal tun 2019, Sin ma a Satumba 2021 ta ce ta daina gina sababbi a ƙasashen waje, ga ta da shan ruwa sosai wajen sanyaya injina a yankin da ruwan yake da tsada. A ɗaya gefen kuɗin samar da wutar sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tun 2010, rana kuwa Allah ya hore muku ita, ga ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai tana aiki. Matsalar ita ce kuɗin ruwan da ake ɗora wa ƙasashenmu in zasu ci bashin irin wannan aikin ya ninka na Turai sau biyu ko uku, sannan dare yana buƙatar batura. Duk mai son Nijar ta bar kwal a ƙasa to ga inda zai sa hannunsa a aljihu.

Ɓangaren da ba zan kwantar maka da hankali ba shine, ko babu maganar yanayi rami yana da ranar mutuwa. Kun gani da idonku a Akokan da aka rufe ramin yuraniyom na COMINAK a ƙarshen Maris 2021, ba wani taron duniya ne ya rufe ta ba, yuraniyom ɗin ne ya ƙare. Mu ma a Najeriya mun gani. An gano kwal a Udi a 1909, shi ya kafa Inugu, don shi aka ja layin dogo zuwa Fatakwal, a kansa 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949 suna neman haƙƙinsu. Da jiragen ƙasa suka koma dizal, man fetur ya fito, yaƙin basasa ya zo, sai harkar ta bi ta mutu a tsaye babu wani shiri da aka yi wa garuruwan mahaƙan.

Don haka ka ce wa yaya tun yanzu da injin yake juyawa ya kamata su da ƙungiyarsu su fara tambaya, shekara nawa kwal ɗin ramin ya rage, me aka tanada a rubuce na ranar rufewa, kuma 'yan kwantiragi suna cikin lissafin ko basa ciki, don su ake fara mantawa. Ma'aikacin tashar kwal ya riga ya san taransifoma da layin wuta da gyaran inji, in aka kafa sola a nan kusa inda layukan suke kwance shi ya fi kowa cancantar aikin, amma sai an fara koya masa tun yana karɓar albashi, ba bayan an sallame shi ba. In yana da yara masu tasowa kuma, ko ɗaya ne a tura shi koyon haɗa sola da batir.